Kuɗin gas da ƙaramin jari: amsoshin tambayoyinku kan noman riba a kirifto

Wasiƙun wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi. Mutum ya zuba 'yan daloli a noman riba, wato ya sa kuɗinsa na kirifto a tafkin musaya ko na bashi don a riƙa ba shi lada, ya ga an rubuta kashi 20 ko 40 cikin ɗari a shekara, da ya tashi fita sai ya tarar ko uwar kuɗin ba ta cika ba. Duk inda muka sa farashin ETH, wato kuɗin netwok ɗin Ethereum, ko na dala a lissafi misali ne, kowa ya sa na ranar da yake karantawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sa dala 100 a wata gona a kan Ethereum mai ba da kashi 20 cikin ɗari a shekara. Kafin in gama shiga an cire mini sama da dala 30 da sunan gas. Damfara ce, ko haka abin yake?
*Ɗalibi, Zariya*

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba damfara ba ce, haka tsarin yake, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai ƙaramin jari ya gane: kuɗin gas ba ya duba yawan kuɗinka, aikin da ka sa na'ura ta yi yake dubawa. Kamar mai ɗaukar shatar mota ne zuwa kasuwar Dawanau, ko buhu ɗari ya ɗora ko mudu ɗaya, kuɗin shata ɗaya ne.

Kowane aiki a Ethereum yana da awonsa, awon ake kira gas. Tura ETH daga walet zuwa walet gas 21,000 ne. Farashin kowane gas ɗaya ana faɗinsa da gwei, gwei ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na ETH. Abin da za ka biya shi ne yawan gas sau farashinsa. Idan gwei yana kan 20, ETH kuma yana dala 3,000, gas 21,000 zai kama dala 1.26.

Matsalar ita ce shiga gona ba aiki ɗaya ba ne. A ce ka zo da USDT, tokin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dala. Da farko za ka ba kwantiragin musaya, wato manhajar da ke gudanar da canjin, izinin taɓa kuɗinka, wajen gas 46,000. Sai ka canza rabin kuɗin zuwa tokin na biyu, wajen 150,000. Shi ma tokin na biyun yana son izininsa, 46,000. Sai zuba su biyun a tafki, wajen 180,000. Tafkin zai ba ka tokin shaida, wanda za ka ba shi izini, 46,000, sannan ka jingina shi a gona, wajen 120,000. Aiki shida ke nan, gas 588,000, dala 35 a farashin da muka ɗauka. Ga inda kuɗinka suka shiga.

Fita ta fi shiga tsada. Karɓar lada wajen 100,000, cire tokin shaida daga gona 100,000, izini 46,000, kwashe kuɗi daga tafki 170,000, mayar da tokin na biyu USDT 150,000, sannan izini da sayar da tokin ladar 196,000. Wannan 762,000. Shiga da fita gaba ɗaya gas miliyan 1.35, dala 81. Alƙaluman suna bambanta kaɗan daga kwantiragi zuwa kwantiragi, amma ba za su yi nisa da haka ba.

Yanzu ka auna. Dala 100 a kashi 20 tana haifar da dala 20 a shekara, ke nan sai ka shekara huɗu kafin ka mayar da kuɗin gas kawai. Mai dala 10,000 a gona ɗaya da kai yana samun dala 2,000 a shekara, shi ma dala 81 zai biya, cikin kwana 15 ya fanshe. Lissafin da muke so kowa ya yi kafin ya danna komai shi ne: kuɗin shiga da fita sau 365, a raba da ribar shekara. Abin da ya fito shi ne kwanakin da za ka yi kana wa netwok aiki kafin ka fara yi wa kanka. A ganinmu idan kuɗin shiga da fita ya haura kashi 2 cikin ɗari na jarinka, ko kwanakin suka wuce wata guda, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, domin kason da aka rubuta yau ba alkawari ba ne, yana iya faɗuwa rabi cikin mako.

Farashin gwei kuma ba ya zama wuri ɗaya. Tun gyaran da aka yi wa Ethereum a Agustan 2021, idan bulok, wato ƙunshin ayyukan da ake shigarwa a lokaci ɗaya, ya cika fiye da rabi, tushen farashi yana ƙaruwa har da kashi 12.5 cikin ɗari a bulok na gaba, bulok kuma kowane daƙiƙa 12 yake fitowa. Bulok shida cikakku a jere, farashi ya ninka. Lokacin da Compound, wani dandalin bashi na kirifto, ta fara raba tokin COMP a Yunin 2020, wanda daga nan noman riba ya bunƙasa, cunkoso ya yi ta hauhawa har a Mayun 2021 matsakaicin kuɗin aiki ɗaya ya haura dala 50. A 2025 kuwa an sha ganin gwei ƙasa da 2. A gwei 2 wancan dala 81 ta koma dala 8.10, amma ko a haka mai dala 100 sai ya yi kusan wata biyar kafin ya fanshe. A gwei 100 kuwa dala 405 ce. Haɗarin shi ne ka shiga ranar sauƙi, ranar da kasuwa ta rikice kowa yana neman ƙofa, ranar ce gas ke tashi, kuma ranar ce kai ma kake son fita.

Tunda ka riga ka shiga, kada ka yi gaggawar fita. Ka riƙa duba farashin gas a shafin Etherscan, ka jira ya sauka, galibi ƙarshen mako ko da asuba agogon Najeriya lokacin da Amurka ke barci, ka fita sau ɗaya.

Tambaya: Na yi musaya ta gaza, amma an cire mini gas. Ta yaya za a caje ni kan abin da bai yiwu ba?
*Mai shagon waya, Kano*

Amsa: Malam, na'urorin sun yi aikin har zuwa inda ya tsaya, kuɗin wannan aikin aka ɗauka. Tokin ɗinka yana nan, gas ɗin ne ba ya dawowa.

Abu uku ke jawo haka yawanci. Ko farashi ya motsa ya wuce iyakar zamewa, wato canjin farashin da ka amince da shi, kafin aikinka ya shiga bulok. Ko ka rage iyakar gas da hannunka don neman sauƙi, sai ya ƙare a tsakiyar aiki, wannan kuwa ya fi ciwo domin duk iyakar da ka sa za ta tafi. Ko kuma aikin ya daɗe a layi har wa'adinsa ya wuce. Iyakar gas ba a taɓa ta, walet ya fi ka sanin awon, kuma abin da ba a yi amfani da shi ba ba a caje ka. Idan walet ya gargaɗe ka cewa aikin zai iya gazawa, ko ya nuna maka kuɗi mai yawan da bai saba ba, kada ka sa hannu.

Idan aiki ya maƙale don ka sa farashi ƙasa, kada ka tura wani sabo, duk wanda ya biyo baya zai tsaya ne a bayansa, domin ayyukan walet ɗaya bisa lamba suke tafiya. Ka yi amfani da maɓallin hanzartawa, wanda ke buƙatar ƙarin aƙalla kashi 10 cikin ɗari. Sokewa ma ba kyauta ba ce, tura sifili ne zuwa kanka da lamba ɗaya da ta wancan aikin, gas 21,000.

Tambaya: An ce min in bar Ethereum in koma inda gas yake da araha. Ina ne ya dace da mai dala 200, kuma yaya zan kai kuɗin can?
*Malamar makaranta, Katsina*

Amsa: Malama, shawarar tana kan hanya. Arbitrum, Optimism da Base netwok ne da ke tattara ayyuka da yawa su kai taƙaitaccen bayaninsu kan Ethereum. Tun gyaran Dencun na 13 ga Maris 2024, wanda ya ware musu wurin ajiye bayanai mai araha, musaya a kansu ta koma 'yan santoci a yawancin lokuta. Ayyuka goma sha ukun da muka lissafa a sama sukan tsaya ƙasa da dala ɗaya. A kan waɗannan ukun da ETH ake biyan gas. A BNB Chain da BNB ake biya, a Polygon da POL, can ma da sauƙi. A Solana tushen kuɗin 0.000005 SOL ne kan kowane sa hannu, sai ƙarin da ake yi lokacin cunkoso, amma duk sabon tokin da kika karɓa yana buɗe asusu da ke riƙe kusan 0.002 SOL, wanda za a dawo miki da shi idan kika rufe asusun. Mutane da yawa ba su san suna da wannan kuɗin a kwance ba.

Tron da 'yan P2P, masu cinikin kirifto mutum da mutum, suka fi sabawa da shi ba shi da arahar da ake zato. Tura USDT a kansa yana cin wajen 65,000 na abin da suke kira makamashi, idan kuma adireshin da kika tura wa bai riƙe USDT ba, sai ya ninka. In ba ki jingina TRX, tokin Tron, kin samu makamashi ba, TRX ɗinki za a ƙona a madadinsa.

Maganar kai kuɗi ita ce inda ake yin ɓarna. Kada ki fara fitar da kuɗi zuwa Ethereum sannan ki bi gada, wato hanyar ƙetarar da tokin daga netwok zuwa netwok, zuwa Arbitrum ko Base, kin biya tsadar da kike gudu ke nan. Ki fitar kai tsaye daga kasuwar canji zuwa netwok ɗin da kike so, ki zaɓe shi a wurin cire kuɗi. Kafin nan ki tabbatar da abu biyu: kasuwar tana karɓar wannan tokin a wannan netwok ɗin idan kin tashi dawowa, kuma kin haɗa da tokin gas na dala 3 zuwa 5. Dawowa ta gadar asali daga Arbitrum, Optimism ko Base zuwa Ethereum tana ɗaukar kusan kwana bakwai, sannan ki biya gas ɗin Ethereum wajen karɓa. Akwai gadoji na wasu kamfanoni masu sauri, amma gada tana cikin wuraren da ɓarayin intanet suka fi kai wa hari: an kwashe kusan dala miliyan 320 daga Wormhole a Fabrairun 2022, sama da miliyan 600 daga Ronin a Maris ɗin shekarar.

Ki kula da sunan tokin ma. USDC, wani tokin dala kamar USDT, da USDC.e ba abu ɗaya ba ne, na farko kamfanin Circle ne ya fitar da shi a kan netwok ɗin, na biyu ta gada ya zo. Idan tafki yana son ɗaya kika zo da ɗayan, ƙarin musaya ce. Gwajin tura kaɗan kafin a tura duka abu ne mai kyau a karon farko, ko da za ki biya kuɗin cirewa sau biyu, domin kuskuren netwok yana iya cinye dukkan jarin.

Tambaya: Ina girbe lada kullum in mayar cikin gona don ta ninka. Abokina ya ce asara nake yi. Wa ke da gaskiya? Jarina dala 200 ne, gonar tana ba da kashi 20.
*Ɗan kasuwa, Maraɗi*

Amsa: Alhaji, abokinka ne da gaskiya, ga hujja. Kashi 20 a shekara ba tare da mayarwa ba, shi ne APR, dala 40 ke nan a kan jarinka. Idan ana mayarwa kullum babu fashi zai zama kusan kashi 22.1, shi ne APY, dala 44.27. Ke nan duk abin da ninkawar za ta ƙara maka a shekara bai kai dala 4.30 ba. Idan girbi da mayarwa yana cin santi 50, shekara dala 182. Ko santi 2 kacal yake ci, shekara dala 7.30 ne, ya fi ribar da kake nema. Ladar kwana ɗaya a jarinka santi 11 ce.

Akwai ma'auni mai sauƙi. Ka ninka jarinka da kuɗin girbi ɗaya, ka ninka da biyu, ka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito a kalkuleta. Sai lada ta taru ta kai wannan adadin za ka girbe. Jari 200, girbi santi 50: 200 sau 0.5 sau 2 ya ba da 200, tushensa wajen dala 14. Ladar za ta kai haka kusan sau uku a shekara. Idan girbi santi 2 ne, adadin dala 2.83 ne, kusan sau ɗaya a wata. Ka tuna kuma girbi ba danna maɓalli ɗaya ba ne: karɓa, sayar da lada, raba ta biyu, zubawa a tafki, jinginawa. Jimillarsu za ka sa a lissafi.

Wuri ɗaya wannan ma'aunin ba ya aiki. Idan da tokin gonar ake biyan ka, kuma farashinsa yana zubewa kullum saboda ana ta buga sabo, jira ma asara ce. A nan sai ka auna: tokin da ke faɗuwa kashi 10 a mako, ladar dala 5 tana rasa santi 50 a mako, idan sayarwa santi 10 ce, gara ka sayar.

Mafita ga ƙaramin jari ita ce rumbunan da ke girbe wa kowa a tare, irin na Yearn da Beefy. Suna haɗa kuɗin mutane da yawa, gas ɗaya ya wadatar wa kowa, su kuma su ɗauki kaso daga riba. Tsoffin rumbunan Yearn kashi 20 na riba suke ɗauka da kashi 2 na jari a shekara, don haka ka karanta kason kafin ka shiga. Ka san kuma ka ƙara kwantiragi ɗaya a kan wanda kake dogara da shi, idan ɗayansu ya samu ɓaraka kuɗinka na ciki.

Tambaya: Gas bai ci min ko dala ɗaya ba, na yi wata uku a gona mai kashi 12, amma da na mayar da kuɗin naira sai na ga sun gaza abin da na sa. Ina suka tafi?
*Ma'aikacin jinya, Gombe*

Amsa: Ɗan'uwa, gas ɗaya ne kawai daga cikin masu yankar kuɗinka, kuma ga wanda ya fara da naira sau da yawa ba shi ne babba ba. A lissafa daga naira zuwa naira.

Tun da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kasuwannin kirifto a Fabrairun 2021, mutane suka koma P2P, kuma ko bayan ɗage haramcin a Disambar 2023 yawancin ciniki can ya ci gaba. A P2P farashin saye daban, na sayarwa daban. A ce ka sayi USDT a naira 1,530, ranar da mai saye yake karɓa a 1,500. Kashi 2 cikin ɗari ya tafi tun ba ka yi komai ba. Da naira 150,000 ka samu dala 98. Kuɗin cirewa daga kasuwa ƙayyadadde ne, a ce dala 1, kashi 1 ke nan a wurinka. Tafki yana ɗaukar nasa a kowace musaya, gwargwadon shafin musayar da zubinsa: kashi 0.3 a Uniswap na biyu, 0.25 a PancakeSwap na biyu, a Uniswap na uku kuma akwai matakai 0.01, 0.05, 0.3 da 1. Rabin kuɗinka ka canza wajen shiga, rabi wajen fita, wajen kashi 0.3 ke nan. Gas santi 50, kashi 0.5. Jimilla kashi 3.8. Gona mai kashi 12 tana ba da kashi 1 a wata, wata uku kashi 3. Ka fita kafin ka fanshe. Idan kuma naira ta ɗan ƙara daraja a tsakani, giɓin ya ƙaru.

Sai abin da ba ya fitowa a rasit ko ɗaya. Idan tafkinka tokin biyu ne masu motsi daban, kamar ETH da USDT, tafkin da kansa yana sayar da wanda ke tashi yana tara wanda ke faɗuwa. Idan farashin ɗaya ya tashi da rabi, ka yi asarar kusan kashi 2 idan aka kwatanta da wanda ya riƙe tokin ɗinsa bai zuba ba. Idan ya ninka, ko ya faɗi rabi, kashi 5.7. Idan ya ninka sau huɗu, kashi 20. Ana cewa asarar ta wucin gadi ce domin tana gogewa idan farashi ya koma inda yake, amma ranar da ka fita ta tabbata. Tafkin USDC da USDT ba shi da wannan matsalar muddin duka biyun suna kan dala ɗaya, shi ya sa ladarsa ƙarama ce. Kuma ba duk tokin da aka ce dala ne yake zama dala ba: UST na Terra, wanda dandalin Anchor ke biyan kusan kashi 20 a kansa, ya rushe a Mayun 2022.

Tafkunan Uniswap na uku da ire-irensu, inda kake zaɓar iyakar farashi, suna da nasu tarkon. Iyaka matsattsiya tana ba da lada mai yawa, amma da farashi ya fita daga cikinta lada ta tsaya cak, kuma sake saiti yana nufin cirewa, musaya, da sake zubawa. Mai ƙaramin jari ya faɗaɗa iyaka ya bar ta.

Tambaya: Na ga gona mai kashi 900 cikin ɗari. Ai wannan ko gas nawa ne zai biya kansa?
*Matashi, Kaduna*

Amsa: Ƙanenmu, kashi 900 da tokin gonar ake lissafa shi a farashin yau, kuma duk wanda ya girba sayarwa zai yi. Kafin ka je ga wannan ma, duba abu uku. Na farko kuɗin shiga: gonaki da dama da suka cika BNB Chain a 2021 kashi 4 suke yanka daga jari tun a ƙofa. Na biyu harajin tokin: wasu an rubuta a kwantiraginsu a cire kashi 5 ko 10 a kowace saye da sayarwa, wasu ma ana iya saye ba a iya sayarwa sam. Na uku zurfin tafki. Tafki mai dala 20,000 a kowane gefe, idan ka canza dala 500 a ciki, cinikinka kaɗai zai rage maka kusan kashi 2.4, ban da kason tafki.

Irin wannan tokin yakan tilasta maka ɗaga iyakar zamewa zuwa kashi 10 ko fiye kafin musaya ta wuce. Da ka yi haka ka buɗe wa na'urorin da ke sintiri ƙofa: su ga aikinka a layi, su saya kafin kai, farashi ya tashi, ka saya da tsada, su sayar a bayanka. Iyakar da ka sa ita ce iyakar abin da za su iya ci. A manyan tokin kashi 0.5 ya isa, tsakanin dala da dala 0.1. Ka duba gonar a shafin DefiLlama ka ga nawa ne ladar daga kuɗin musaya na gaske, nawa ne daga tokin da ake bugawa. Na farkon ne kaɗai za ka ɗora lissafi a kai.

Tambaya: Shin wannan noman halal ne?
*Uwargida, Sakkwato*

Amsa: Hajiya, fatawa ta malamai ce, amma ki kai musu bayanin a rarrabe, domin abubuwa daban-daban ake kira da suna ɗaya. Akwai zuba kuɗi a wurin bashi kamar Aave da Compound, inda mai karɓar bashi ke biyan ƙari bisa lokaci, wannan kuɗin ruwa ne a fili. Akwai tafkin musaya, inda ladar kaso ce daga abin da masu canji ke biya. Akwai kuma tokin da gona ke bugawa ta raba. Wasu rumbunan suna haɗa ukun ba tare da kin gani ba, sai kin karanta inda suke kai kuɗin. Shi kuwa gas kuɗin aiki ne da ake biya don a shigar da ciniki a bulok.

Tambaya: Ina da USDT 40 a walet amma ya ƙi fita, wai ba ni da gas. Wani a Telegram ya ce in tura masa dala 10 ya buɗe min. In tura?
*Mai ɗinki, Zangon Kumasi*

Amsa: Kada ki tura, 'yar'uwa. Babu mutumin da ake biya gas a hannunsa. Daga cikin walet ɗinki ake cire shi, da tokin netwok ɗin, a daidai lokacin da kika sa hannu. Ki duba a kan wane netwok USDT ɗin yake. Idan Tron ne ki sayi TRX, idan BNB Chain ne BNB, idan Ethereum, Arbitrum ko Base ne ETH na wannan netwok ɗin, domin ETH da ke kan Base ba ya biyan gas a Arbitrum. Ki tura shi adireshinki, shi ke nan kuɗi ya motsa. Nan gaba idan za ki canza tokin gas, kada ki danna maɓallin kwashe duka, ki bar na aiki biyar ko shida.

Duk dandalin da ya ce sai kin zuba sabon kuɗi kafin ki cire naki, ko da sunan gas, ko haraji, ko tantancewa, na damfara ne. Haka aka nemi mutane su biya kuɗin tantancewa bayan rushewar dandalin zuba jari na CBEX a Afrilun 2025. Akwai kuma wata dabarar: mutum ya watsa kalmomin sirrin walet mai ɗauke da USDT da yawa, ya ce a taimaka masa. Mai kwaɗayi ya buɗe, ya ga babu gas, ya tura TRX, nan take na'ura ta kwashe, USDT ɗin kuwa an ɗaure shi ta yadda wannan makullin ba zai iya fitar da shi ba.

Ki kuma duba izinin da kika taɓa bayarwa. Shafuka da yawa suna neman izini mara iyaka don kada ki sake biyan gas, amma izinin yana nan har sai kin soke shi, kuma idan aka fasa kwantiragin za a iya kwashe duk wannan tokin daga walet ɗinki. A netwok mai araha ki ba da izinin daidai adadin da za ki yi amfani da shi, tsofaffin kuma ki soke su ta Revoke.cash, kowace sokewa 'yan santoci ce. A Ethereum, USDT yana da wani hali: ba a canza izininsa daga wani adadi zuwa wani sai an fara mayar da shi sifili, aiki biyu ke nan, gas biyu, ki sa wannan a lissafinki.